Fatar Wule

Da sanda aka turo gwangwanin tsakiyar fili, kamar an ce kunama ce a ciki. Ya gangara kan yashi, ya tsaya daidai gindin itacen da ke gicciye a hanya, wanda ake ɗagawa in mota za ta wuce daga ƙasar Faransi zuwa ƙasar Ingilishi a bakin Jibiya. Gwangwani ne shuɗi, mai faɗi, an zana masa 'ya'yan itatuwan da babu wanda ya taɓa ganin bishiyarsu a wurin. Alewar Maraɗi ce a ciki, mai taushin nan da ake barbaɗa wa farin sukari, wadda har jiya mutanen nan suke lashe yatsu a kanta.

Ranar kasuwa ce, cikin kakar shekarar 1955. Tun da safe wani mai jaki ya shigo da labari daga Ɗan Isa, wai da kitsen alade Turawa suke yin alewar. Wa ya gaya masa? Oho. Mutanen bakin iyaka kuwa ba sa tambayar labari takardarsa, shi kaɗai ne ke wucewa ba a ɗaga masa itace ba. Kafin hantsi ya dubi ludayi, matan da ke sayar da fura sun tofar da yawu ya fi a ƙirga, wani tsoho kuma ya je rijiya ya wanke bakinsa sau bakwai, har da ƙasa.

Kalilu mai tebur, wanda alewar tasa ce, yana ta rantsuwa har muryarsa ta dishe, babu mai saurarensa.

Manu direba yana jingine da motarsa, yana jira malamin kwastan ya buga masa hatimi. Motar maƙare take da ƙiraga, busassun fatun shanu da ya ɗauko daga Maraɗi zai kai tashar jirgin ƙasa a Kano. Ba ya cikin masu hayaniya, amma duk wurin babu wanda maganar ta shafa kamarsa. A ƙarƙashin kujerarsa akwai gwangwani irin wancan sak, naɗe cikin tsumma. Na mahaifiyarsa ne. Shekara biyu ke nan bai taɓa dawowa daga Maraɗi ba tare da shi ba.

Aka aika aka kira Mushe Arzika, tsohon sojan Faransi, wanda yake rubuta wa fatake takardu a duwan, wato kwastan ɗin can ƙetare. Mutanen Jibiya ba sa gajiya da tsokanarsa, wai wace irin ƙasa ce za a tashi girmama mutum a ce da shi mushe. Shi ko a jikinsa. Ya zo yana ɗingishi, ya sunkuya ya ɗauki gwangwanin da hannunsa, ya busa yashin da ke kai, ya gyara tabarau.

"Sukari," in ji shi, yana bin rubutun da yatsa. "Ruwan 'ya'yan itace. Jelatin da bef."

"Ji la me?" Kalilu ya tambaya, zufa tana zuba masa.

"Jelatin. Kun san in an dafa ƙafar saniya, romon ya huce ya daskare, in ka taɓa shi yana rawa? To shi ne. Fata da ƙashi suke dafawa, su tace, su busar, su zuba a alewa don ta tsaya da taushinta. Bef kuwa sa ke nan. Ga shi ma sun ƙara rubutawa a ƙasa, saboda ƙasashen Musulmi, cewa babu alade a ciki ko ɗigo. Saniya ce zalla."

Malam Lawwali, limamin masallacin tasha, bai saki jiki ba tukuna. Ya ce, "To wa ya yanka saniyar? In Nasara ne ya buge ta da guduma, ai mun gudu ba mu tsira ba."

Mushe Arzika ya ɗaga sandarsa ya nuna motar Manu. "Allah ya gafarta Malam, ina kake zaton ake kai waɗancan? Ku kuka yanka da bisimillarku, kuka shanya, wannan bawan Allah ya kai Kano, jirgi ya kai teku. Sun mayar muku da kayanku ne, sun ƙara muku da sukari."

Ko haka ne ko ba haka ba, Allah masani, don Arzika bai taɓa leƙa inda ake dafa alewar ba. Amma wuri ya kaure da dariya da hamdala. Tsohon nan da ya wanke baki da ƙasa shi ya fara miƙa hannu a ba shi ja guda biyu. Kalilu ya zauna daɓas a kan benci yana share fuska da hula.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Manu ne, wanda ya sunkuyar da kai tun daga inda aka ce saniya ce zalla. Abin da ya wanke zuciyar kowa a filin nan, shi ne ya soke tasa.

Kowa a garinsu Daddara ya san mahaifiyarsa Hajjo ba ta cin nama. Ba na sa ba, ba na akuya ba, ba na kaza ba, ko romo ba ya shiga ƙoƙonta. Ranar Babbar Salla, in gari ya ɗauki ƙamshin suya, ita tana ɗaki da furarta. Tukunyar miyarta daban take, ludayinta daban, kuma kaiton yarinyar da ta yi kuskuren haɗa su.

Asalin abin ba ɓoyayye ba ne. Lokacin da ta haifi Manu, ɗanta na fari, zazzaɓi ya kwantar da ita har nononta ya ƙafe ƙaf. Jariri ya yi kuka har kukan ya daina fita. Mijinta Lado, Allah ya jiƙansa, yana da wata jar saniya mai farin goshi, ana kiranta Wule. Da madarar Wule aka raya yaron, ana ɗiga masa da bakin ludayi, safe da rana da yamma, har ya yi ƙiba ya fara rarrafe. Yana shekara huɗu, cikin damina, Wule ta zame daga gaɓar gulbi ta karye a ƙafar gaba. Aka yi maza aka sa mata wuƙa kafin ta mutu. Aka raba nama gida-gida, aka dafa, aka ajiye wa Hajjo nata a akushi. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Da wane bakin?" Ta tura akushin gefe, kuma tun daga ranar ba ta sake ba. Tunda a cikin miya ba a gane wane da wance, sai ta bar naman gaba ɗaya.

Ta so a bar mata fatar ta riƙa shimfiɗawa. Kunya ta hana ta faɗa da wuri, kafin ta buɗe baki masu sayen ƙiraga sun bi ta rugar sun wuce da ita.

Limamin Daddara ya taɓa zuwa har gida ya yi mata nasiha, cewa bai kamata mutum ya haramta wa kansa abin da Allah ya halatta ba. Ta saurare shi har ya gama, kanta a sunkuye. Ta ce, "Ban haramta ba, Malam. Kowa ya ci, halal ɗinsa ne. Ni kunya nake ji." Liman ya sa takalmansa ya tafi, don bai san littafin da zai buɗe wa wannan ba.

Kunya kuwa Hajjo ta iya ta. Bafulatana ce ta gaske, ko da yake kakanninta sun daɗe da kafa bukka suka zauna. Manu ɗan fari ne, saboda haka ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kallon fuskarsa, ba ta miƙa masa abu hannu da hannu. Yana barin madara kakarsa ta ɗauke shi. Da ya girma ya koyi tuƙi, sai ya zama "mai mota". In tana da magana da shi, matarsa Salmatu take gaya wa, ko da yana zaune a bakin ƙofa yana ji. Shi ma bai taɓa ganin laifinta ba, haka ya ga ana yi. Amma ba ya hana mutum ya so a kalle shi.

Shekara biyu da suka wuce wani ciwo ya kama ta a maƙogwaro. Tuwo ya daina wucewa, fura ma sai an tsinka ta kamar ruwa, ita ɗin ma ta gundure ta. Ta rame har awarwaronta yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Wata rana Manu ya ga alewar nan a Maraɗi, ya taɓa ya ji taushi, ya sayo gwangwani ɗaya ya ajiye a bakin ƙofarta ba tare da ya ce komai ba. Washegari yana bayan zana yana alwala ya ji tana ce wa Salmatu, "Abin nan na Faransi ba laifi. Yana narkewa da kansa. In na tsotsa ɗaya sai in ji ina son kunu."

Ba laifi! A bakin Hajjo wannan kirari ne. Ranar har ya isa Kano bakinsa bai rufu ba. Tun daga nan alewa ɗaya take buɗe mata hanyar kunu da safe, ɗaya da yamma, da haka take rayuwa. Gwangwanayen da suka ƙare kuwa ba ta yarda a zubar, ta jera su a gefen gadonta kamar kwanukan amarya.

To yau ga abin da ya ji. Shekara ashirin da bakwai tana tsare bakinta saboda saniyar da ta raya shi, shi kuma ya yi shekara biyu yana ɗura mata saniya da hannunsa.

Da mutane suka watse, ya bi Mushe Arzika inuwar rumfa, ya ciro nasa gwangwanin ya miƙa masa.

"Mushe, duba mini wannan da kyau. Ko shi daban ne."

Arzika ya duba. "Uwa ɗaya uba ɗaya."

"Ko ɗan kaɗan ne suke sakawa?"

"Kaɗan ne. Amma shi ke riƙe da ita, in babu shi ruwan sukari ce kawai. Me ya faru ne, direba? Kowa yana murna kai kana neman kuka."

Manu ya ba shi labari a taƙaice. Tsohon soja ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Tsohuwar ta iya Faransanci?"

"A'a."

"Kai ka iya?"

"A'a."

"To ni ma ban karanta komai ba. Kai mata abinta."

"Amma na ji, Mushe," in ji Manu.

Daddara a kan hanyar Katsina take, don haka da la'asar ya tsayar da mota ƙarƙashin tsamiyar bakin gari ya taka zuwa gida. Ya sami Salmatu tana tankaɗe a tsakar gida. Ya tsuguna kusa da ita ya gaya mata da murya ƙasa-ƙasa. Ta ajiye rariya.

"Maigida, kada ka soma," ta ce. "Wallahi kada ka soma. Wancan gwangwanin ya ƙare tun shekaranjiya, kwana biyu ke nan da ƙyar nake samu ta kurɓi kunu. Kai kana hanya, ni nake ganin abin da ke wuce wuyanta. In ka faɗa mata, ba za ta ƙara taɓawa ba, kuma ka san abin da zai biyo baya."

"In na yi shiru kuma fa? Kullum in miƙa mata ina sane?"

"Allah ba zai kama ta da abin da ba ta sani ba."

"Ba Allah take jin kunya ba a nan, Salmatu."

Daga cikin ɗaki muryar tsohuwa ta fito, siririya, a shaƙe. "Salmatu, kamar na ji kukan mota a bakin tsamiya."

"Ya iso, Inna."

"To madalla. A ce masa sannu da hanya."

Manu ya je ya cire takalmi ya durƙusa a bakin ƙofa, ya gaishe ta, ta amsa wa bango. Salmatu ta zare gwangwanin daga hannunsa kafin ya yi wani tunani, ta shiga ta buɗe mata. Daga inda yake yana hango hannun mahaifiyarsa, duk jijiya, yana lalube a cikin alewar yana neman ja, don ja ta fi so. Ta ɗauko, ta ɗaga, ta ce bisimilla.

Bisimillar ce ta karya shi. Da ta jefa a baki kawai, wataƙila da ya haɗiye maganarsa har abada.

"Inna, dakata."

Hannun ya tsaya. Salmatu ta juyo ta harare shi, idanunta sun ciko.

Ya faɗa mata duka, kansa a ƙasa: mai jaki da labarin alade, Mushe Arzika da tabaransa, romon ƙafar saniya da ke daskarewa, fata da ƙashi. Ya ce bai sani ba, ya rantse bai sani ba sai yau. Ya ce ta yafe masa.

Hajjo ta sauke hannu. Ta mayar da alewar cikin gwangwani a hankali, ta rufe, ta karkaɗe sukarin da ya manne mata a yatsu. Ta ce, "Salmatu, ba ni ruwa." Ta kurkure baki sau uku a kasko, ta kwanta ta juya fuskarta ga bango.

Kwana uku ba ta sha komai ba sai ruwa. Salmatu ta dama kunun gero, ta dama na tsamiya, ta tsinka fura, duk a banza. Ba fushi take yi ba, da ma fushi ne da sauƙi. In an kai mata ludayi sai ta gwada, wuyan ya ƙi, ta girgiza kai. Manu ya aika wa ubangidansa mai motar saƙo Katsina cewa yana da mara lafiya, ya bar ƙiraga suna ta wari a gindin tsamiya har mutanen unguwa suka fara magana. Salmatu ta daina yi masa magana sai dole. In ta zo wucewa ta gabansa sai ta ce, "Ga gaskiyarka can kwance, je ka ba ta ta sha."

Ya yi nadama, kuma ya san in aka mayar da shi bakin ƙofar nan zai sake faɗa. Wannan ne ya fi ci masa rai.

A rana ta huɗu da sassafe ya ɗauki ƙwarya ya nufi bayan gari, inda ƙanen mahaifinsa yake tsare da ragowar shanun Lado. Ya tambayi wacce ce ta fito daga tsatson Wule. Aka nuna masa wata ja, goshinta da ɗan fari kamar an shafa mata gari. Ya naɗe hannun riga ya tsuguna. Mutumin da ya yi shekara goma sha biyu yana murɗa sitiyari, yatsunsa sun manta hanya. Saniya ta waiwayo ta dube shi, ta kaɗa masa wutsiya a fuska, matan rugar suna ta ƙyalƙyala dariya a bayan hannu. Ya dage har ya sami rabin ƙwarya.

Sukarin kwali ma ya daina yarda da shi, tunda shi ma da rubutu a jikinsa. Ya sayo mazarƙwaila wurin mutanen Mazanya, wadda ya san daga rake take, ya sha ganin ana dafa ta. Ya hura wuta a murhun Hajjo, ya ɗora tukunyarta, wadda nama bai taɓa shiga ba. Ya zuba madara ya jefa mazarƙwaila, ya tsaya yana kallo kamar ruwan zai dafa kansa. Ta tafaso ta zube a wuta, sauran ta kama ta ƙone.

Salmatu tana bakin rumbu tana kallonsa tun ɗazu. Ta yi niyyar ta bar shi ya ƙone gidan ma in ya so, amma ba ta iya ba.

"Matsa," ta ce. "Wa ya ce maka ana barin madara ita kaɗai? Rage itacen nan. Koma ka ƙaro wata, kuma ka ce wa matan su tatsar maka, kada saniyar mutane ta gaji da kai."

"Ni zan tatsa."

Ta dube shi, ta kawar da kai don kada ya ga bakinta ya motsa. "To yi sauri."

Karo na biyu ita ta riƙe muciya, shi yana kula da wuta. Ta yi ta juyawa har madarar ta ja baya ta yi kauri, ta koma ruwan ƙasa-ƙasa. Ta sauke tun ba ta yi tauri ba, don ta narke a harshe. Suka zuba a faifai ta sha iska, suka gutsuttsura ƙanana. Ba ta yi kyan gani ba, gaskiya, wata doguwa wata gajera. Manu ya ɗauko ɗaya daga tsofaffin gwangwanayen da Salmatu ta zaro masa, ya wanke da toka har sau uku, ya jera su a ciki.

Ya durƙusa a inda ya saba. Salmatu ta shiga ta tallafo tsohuwa ta jingina ta da bango, ta buɗe gwangwani a cinyarta. Hajjo ta leƙa, ta shinshina.

"Salmatu, tambayi mai mota, wannan kuma me aka rubuta a jikinsa?"

"Babu rubutu, Inna," Manu ya amsa. "Madara ce da mazarƙwaila. Sai wuta. A tukunyarki aka dafa, ina tsaye."

"Madarar wa?"

"Jar nan mai fari a goshi, ta wurin Baffa."

"'Yar Saige ce," in ji Hajjo, tana magana da gwangwanin. "Saige 'yar Bule, Bule 'yar Ɗanɗi, Ɗanɗi kuwa ita Wule ta bari tana maraƙa." Ta ɗan tsaya ta huta. "Wa ya tatsa?"

Salmatu ta ce, "Shi da kansa, Inna. An ce har mari ya sha da wutsiya."

Wani sauti ya fito daga maƙogwaron tsohuwa, wanda da lafiyarta ƙalau da dariya za a kira shi. Ta ɗauki ƙaramar guda, ta yi bisimilla, ta ɗora a harshe, ta rufe ido. Manu yana kallon wuyanta, yana jira. Can ya ga ya motsa sau ɗaya, ya sake motsawa.

"An so a ƙona ta," ta ce. "Amma ba laifi. Akwai sauran kunu?"

Salmatu ta fita da gudu har tana tuntuɓe da ƙofa. Ya rage daga uwa sai ɗa, babu wanda za a aika da magana. Hajjo ta kafa ido a kan jeren gwangwanayenta.

"Ƙiragan da ake ɗauka a mota," ta ce wa gwangwanayen, "ina suke zuwa?"

"Kano, Inna. Daga nan jirgin ƙasa ya kai su Ikko, a zuba a jirgin ruwa zuwa ƙasar Turawa."

"Na da ma can aka kai su? Na shekarun baya?"

Ya gane inda ta nufa. Yana iya cewa i, ya faranta mata, amma bai zo nan da ƙarya ba. "Hanyar dai ita ce tun da. Amma ban sani ba, Inna. Shanu suna da yawa, shekarun kuma sun yi nisa."

"Na sani," ta ce. "Ba yarinya ba ce ni."

Ta miƙa hannu ƙarƙashin matashi ta jawo sabon gwangwanin nan na Maraɗi, wanda ya zaci ta sa an jefar. Ta buɗe, ta tona da yatsa har ta sami wata ja wadda sukari ya taru mata fari a gefe ɗaya. Manu ya zaci ci za ta yi. Amma ba baki ta nufa da ita ba. Ta riƙe ta a tafin hannu tana kallo, ta shafa ta da babban yatsa.

"Kwana uku ina kwance ina jin kunyar Wule," ta ce. "Na ce da wane ido zan dube ta. Sai na tuna halinta. Ko an kai ta kiwo bayan gulbi, ba a zuwa nemanta, da kanta take dawowa." Ta ja numfashi. "Na nemi fatarta ban samu ba. Wannan ba ci zan yi ba. A bar mini ita."

Ta jawo haɓar zanenta ta ƙulle alewar a ciki, ƙulli biyu, kamar yadda take ƙulle goro. Sauran ta ture su wajen ƙofa. "A kai wa 'ya'yan maƙwabta. Su halal ɗinsu ne."

Manu ya sa hannu zai ɗauka, idanunsa ba sa gani sosai. Sai ya ga wani hannu ya shigo gabansa, siriri, riƙe da gutsuren alewar madara. Ya ɗaga kai. Fuskarta tana wajen bango kamar kullum, amma hannun shi yake nufa. Ya waiwaya ko Salmatu ta dawo a ba ta ta miƙo, babu kowa.

"Madarar gidansu ce," in ji Hajjo. "Wanda aka raya da ita ya fi kowa rabo a ciki. A karɓa, hannuna ya gaji."

Ya tara hannu biyu ya karɓa. Yatsunta suka taɓa tafinsa, suna da ɗumi, ba ta yi saurin janyewa ba.

Salmatu ta shigo da ƙoƙon kunu tana fifita shi da faifai. Ta dubi mijinta a durƙushe, baki cike, hawaye har gemu, ta dubi surukarta. Hajjo ta karɓi ludayi ta kurɓa, ta haɗiye, ta sake kurɓa.

"Salmatu," ta ce, "ki gaya wa mai mota ya je ya kwashe fatun mutane daga gindin tsamiya, tun daga nan nake jin warinsu. In ya dawo daga Kano, saniyar tana nan. Ya riƙa ɗaure mata wutsiya kafin ya tsuguna."